Ƙarshen Labarin Kaka Azema

Burbank, Kalifoniya
2 ga Disamba, 2003

Kawu Ovide,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da kajinka da tsohon karen nan in har yana raye. Yaya gwiwa? A jana'izar Mama na ga kana jan ƙafar hagu kana cewa takalmi ne ya matse ka. Ni ce Noelie, 'yar Marceline. Na faɗa ne don rabona da Catahoula an kwana biyu. Lafiyata ƙalau, sai ciwon wuya na zaman kujera.

Ka san inda nake aiki, don Mama ta gaya mini ka taɓa tambayarta yadda mace mai digiri za ta ƙare a rubuta wa 'yan tsana magana. Shirin katun ɗin nan ne, Iyalin Gorham, masu shagon wanki da guga. Bana shekararsa goma sha shida a talabijin. A ɗakin marubuta ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce kuma na taɓa ganin kada ba a cikin keji ba.

Kowace shekara a makon Halowin, bikin dodanni na ƙarshen Oktoba, muna yin shiri na musamman, gajerun labarai uku na ban tsoro amma na zolaya. Mu ɗauko labarin dodo ko fatalwa, mu zuba 'yan gidan Gorham a ciki, mu juya shi ya koma abin dariya. A wannan shirin kaɗai aka yarda a haɗiye maigidan, a mai da yaran kwaɗi, mako mai zuwa kowa ya dawo bakin injin wankinsa kamar ba a yi ba. Burin kowane marubuci ya samu gurbi ɗaya cikin ukun nan. Akwai waɗanda ba sa ga maciji da juna har yau a kan haka.

To, jiya shugabanmu Mista Brandt ya zagayo kaina, sai duk abin da na shirya ya gudu. Kawai na ji bakina yana ba da labarin Kaka Azema: miji ya mutu ya bar ta da 'ya'ya bakwai a bakin fadama, ga Rugaru mai jikin mutum da kan kare yana zuwa yana karce mata ƙofa, kullum farcen na ƙara nutsewa cikin katako. Kawu, ɗakin nan da ba a rufe baki ko ana cin abinci ya yi tsit. Brandt ya ce, "Ya yi, mun ɗauka. Da ta buɗe ƙofar sai me?"

Na ce masa sirri ne, sai ya gani a rubuce. Gaskiyar magana ban sani ba. Duk lokacin da ka kawo wurin da ta ɗora hannu a kan sakata, ni na riga na toshe kunne na ruga mota. Mama ta tafi da nata sanin, kai kaɗai ka rage. Don Allah ka rubuto mini ƙarshen, ko a bayan takardar shago ce.

'Yarka,
Noelie

Catahoula, Luwiziyana
13 ga Disamba

Noelie 'yar Marceline,

Na sami takardarki, na gode Allah da kike lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Karen ya mutu tun bara, na samo wani, shi ma ba hankali. Ba sai kin gabatar mini da kanki ba. Yarinyar da ta kulle kanta a motata ta yi ta danna hon har rabin gari ya taru, wa zai manta da ita?

Na kunna abin naku ranar Lahadi don in san da su wa nake magana. Mutanen yatsu huɗu-huɗu gare su. Shekara goma sha shida ba wanda ya lura? Amma tsohuwar nan mai zuƙar taba a bayan injin wanki ta ba ni dariya sau ɗaya, ba zan ɓoye ba.

Yanzu ga maganarki. Kin rubuta cewa kuna ɗauko labari ku "juya shi ya koma abin dariya". Na tsaya a wurin nan na daɗe. Na san yadda mutanen can suke zana mu, ba haƙora, ba takalmi, muna kwana da kada. In haka za ku mai da Azema, ki nemi wata kakar.

Sannan ke ma kin sani, sai dai in kin manta. Ba a rubuta ƙarshen labarin nan, ba a kuma faɗarsa a waya. Ranar Dukan Tsarkaka, ɗaya ga Nuwamba, ake zuwa maƙabarta da bokiti da burushi, a cire ciyawa, a shafe kabarinta da farar ƙasa. In hannu ya yi fari, baya ya ƙage, sannan babba ya zauna ya faɗa. Haka ubana ya ji shi, haka na ji shi, haka uwarki ta ji shi. Wanda bai sunkuya mata ba ba shi da rabo a ciki. Ke kuwa yar da burushi kike yi ki ranta a na kare.

Shekarun nan ni kaɗai nake zuwa, dangi duk sun watse Houston da Baton Rouge, sai katin Kirsimeti. In na gama shafe, kare nake ba labarin. Ki zo a Nuwamba, ga ɗaki, ga tukunyar gombo, miyar kuɓewarmu. Ai shirin naku ma na lokacin ne, ban ga abin gaggawa ba.

Kawunki,
Ovide Dugas

Burbank
22 ga Disamba

Kawu,

Barka da Kirsimeti tun kafin ta ƙaraso. Ina yi maka ta'aziyyar kare. Na aiko da man shafawa na gwiwa, kada ka rabar wa maƙwabta.

Ka yi mini mummunar fahimta. Ba mutanenmu za a yi wa dariya ba. Duk wanda ya zana Azema ba haƙora, ni zan cire masa nasa. Tsohuwar da ta ba ka dariya, Kaka Opal muke kiranta, ita ce za ta fito a matsayin Azema.

Maganar Nuwamba ce ta ɗaga mini hankali. Kawu, abin da ake gani a Oktoba a hunturu ake rubuta shi. Yanzu haka ga bishiyar Kirsimeti a kusurwar ɗaki, mu kuma muna gardamar irin ƙarar da kan mutum yake yi in ya gangaro daga bene. A Janairu masu yi wa zanen murya za su zauna a dogon tebur su karanta rubutun da ƙarfi, ma'aikata cike da ɗaki. Brandt yana riƙe da fensir, duk inda aka yi dariya ya sa alama. Shafin da ba alama yanke shi ake yi, ko na wane ne. Wanda ya tsira sai a ɗauki muryoyi, a aika Koriya a zana shi hoto bayan hoto, wata da watanni. In na jira Nuwamba, Azema ta makara da shekara guda, kuma ni ba na nan.

Shekarata uku a wurin nan, labari nawa na kaina bai taɓa kaiwa talabijin ba, sai ɗan barkwanci nan da can a cikin na wasu. A watan Mayu ake sanar da waɗanda za a ci gaba da su. Ba wanda ya ce mini komai, amma na lura in ana maganar shirye-shiryen baɗi ba a kallon inda nake zaune. Tsoro nake ji, Kawu. Ina son aikin nan kamar raina, ban kuma iya wani ba.

Sau ɗaya tak ka ɗaga mini ƙafa. In Nuwamba ta zo zan shafe kabarin har da na maƙwabtanta.

'Yarka,
Noelie

Burbank
28 ga Janairu, 2004

Kawu Ovide,

Ina fatan kana lafiya. Na buga waya ba adadi, ba a ɗauka. Na ɗauka shirun naka shi ne amsa, don haka na ƙago nawa ƙarshen.

Jiya aka yi karatun. Farkon ya tafi yadda nake so. Mis Lorna, mai muryar Kaka Opal, tana karantawa, wani ɗan wasa yana karce ƙarƙashin tebur da cokali, har wata sakatariya ta janye ƙafarta sama. Aka zo buɗe ƙofa. Abin da na rubuta shi ne, Rugaru ya cire hula ya ce shi mai tallar inshora ne.

Ba wanda ya yi dariya. Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Wani ya yi tari. Can sai Dov, abokin aikina, ya yi mini 'yar dariyar tausayi, wadda ta fi shirun ciwo. Fensirin Brandt kuwa bai sauko daga bayan kunnensa ba.

Da aka watse ya kira ni. Ya ce, "Noelie, kin gina mini bene mai kyau. Na hau har sama, na buɗe ƙofa, ba ɗaki."

Na ce, "Zan gyara."

Ya ce, "Mai tallar inshora? Haba. Mun yi wannan tun kina makaranta. Ko dai ke ma ba ki san ƙarshen ba?"

Na yi ta kallon takalminsa. Ya ba ni lokaci zuwa karatu na biyu, ranar goma sha bakwai ga Fabrairu. In bai yi ba za a sa labarin Dov a gurbin, labarin wani firij mai cin mutane. Firij, Kawu, shi zai maye gurbin kakarmu.

Ba zan sake roƙonka ba. Na san ba rowa kake yi mini ba, amana ce ka riƙe. Ni dai ka aiko ko layi ɗaya ne in san kana raye, don shirun nan ya fara ba ni tsoro fiye da Rugaru.

Noelie

Catahoula
3 ga Fabrairu

Noelie,

Ina raye, har na fi da gani. Yanar ido aka cire mini a Lafayette, na yi makonni a gidan Verna, ƙanwar marigayiya matata, tana ɗura mini miya ba gishiri. Takardunki biyu tare na tarar da su a akwati. Ke dai uwarki ce sak, a yi shiru kaɗan kin gina rigima har da rufi.

Firij? Firij ne zai ture Azema? Tun da na karanta abinci ya ƙi shiga.

Na zauna na yi tunani. Abin da ubana ya ce shi ne sai an shafe kabari. Ranar Tsarkaka muke yi don ran nan kowa yake zuwa. Ban taɓa ji ya ce kabari ba ya datti a Fabrairu ba. Jiya na leƙa da sabon idona, ashe aikin da na yi a Nuwamba aikin makaho ne. Rabin bango na tsallake, ga gansakuka ko'ina. Kunya ta kama ni. Kabarin yana neman shafe yanzu-yanzu, ni kuma likita ya hana ni sunkuyo.

Ki hau jirgi, ki taho da tsofaffin kaya. Kada ki ce na ɗaga miki ƙafa, don ban ɗaga ba. Ke kaɗai za ki yi shi duka, har da na mijinta, ni ina zaune ina nuna miki inda kika bari. In kin biya da bayanki labarin ya zama naki, ki kai shi inda kika ga dama. Makullin mota kuwa a aljihuna zai zauna.

Kawunki,
Ovide

Burbank
18 ga Fabrairu

Kawu! Kawu!

Bari in fara da gaisuwa kada ka ce ba ni da tarbiyya. Yaya ido, yaya gwiwa, yaya Gwaggo Verna? Ni tun da na dawo daga wurinka har yau ba na iya ɗaura takalmi, ga farar ƙasa a ƙarƙashin farce ta ƙi fita, ga murar yayyafin da ya dake mu. Ban damu ba. Na gode, na gode.

Jiya aka yi karatun. Na sa shi yadda ka faɗa mini, ban taɓa komai ba. Aka zo ƙofa, ɗan wasan da ke yin Rugaru ya saki gurnani har kofuna suka motsa. Mis Lorna ta dubi hannunsa ta saman tabarau, ta ce, "Kai, farce irin wannan, a kan ƙofata kake ɓata shi? Shigo. Goge ƙafarka." Ta jawo masa buhun jatan lande ta ce, "Ɓare."

Nan aka fara. Da ya ce, "Baiwar Allah, ni fa cinye ki na zo yi," ta ce, "Da wannan ƙazamin hannun? In ka gama ga itace, ga rufi yana yoyo, ga autana yana son goyo," sai ɗakin ya kece. Aka bi shi yana faskare, yana wanke tukwane, yana jijjiga jariri, har asuba ta yi ya fita ta taga yana hawaye. Na ga fensirin Brandt yana ta aiki kamar mai tsince shinkafa.

Amma inda Azema ta yafa mayafi washegari ta ɗauki fitila ta shiga fadama tana kira, "Ina kake? Saura buhu biyu!" shi kuma yana kogon itace ya toshe bakinsa da hannu, nan Mis Lorna kanta ta kasa ƙarasawa. Ta kifa kai a tebur tana dukansa. Sai da aka ba ta ruwa. Dov mai firij ya zame daga kujera, yana cewa, "Na janye, wallahi na janye!"

Muka rufe da uwar dodanni tana lallashin 'ya'yanta tana cewa, "Ku yi barci ko in kira Azema." Sai hoton ƙarshe, abin da ka gaya mini ina goge burushi: dodanni sun leƙo daga bayan bishiyoyi suna hangen farin kabari daga nesa, don su tabbata har yanzu a rufe yake. Aka tashi tsaye ana tafi, Kawu. A ɗakin nan ba a tafa wa kowa.

Brandt ya ce, "A ina kika samo wannan?"

Na ce, "Da bayana na saye shi."

Bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Ya ce labarina ne zai rufe shirin, wato wurin girma ke nan, kuma in fara tunanin na baɗi tun yanzu. Na shiga banɗaki na yi kuka son raina, na fito na tafi wajen masu zane da hoton kabarin. Na tsaya a kansu sai da suka sa sunanta cikakke, Azema Dugas, da sunan garinmu a ƙasa. Tana da haƙoranta duka, da takalmi. Yatsu ne dai na yi iya yina, sun ce huɗu doka ce.

'Yarka mai ciwon baya,
Noelie

Catahoula
3 ga Nuwamba, 2004

'Yata Noelie,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Na san aiki ne ya riƙe ki, tunda yanzu kin zama babba. Ni lafiyata lau, muryata ce kawai ta dushe, za ki ji dalili.

Ranar Lahadi a gidan Verna muka kalla, da maƙwabta cike da falo. Na haƙura na zauna na ga labarai biyun farko, ba laifi. Da naki ya zo na ga ƙofar, na ga sakatar, sai na ƙara matsowa gaban talabijin. Verna ta ƙware da kofi a wurin buhu biyu. Da sunan Azema ya fito a jikin kabari wata maƙwabciya ta yi ihu kamar an taka ta. Ina komawa gida waya ta fara, ɗan wane, jikar wance, har sai da na zare igiyar.

Washegari Ranar Tsarkaka. Na ɗauki bokiti ɗaya da burushi ɗaya, na sa kare a mota. Tun kafin in kai coci na ga motoci jere a bakin hanya, wasu da lambar Texas. Na ce wane babban mutum ne ya mutu ban ji ba?

Namu ne, Noelie. 'Ya'yan ɗan'uwana Alcide sun kwana a hanya daga Houston. Jikokin 'yar'uwata Zoe sun zo daga Baton Rouge, ko wurin aikinsu ba su sanar ba. Akwai waɗanda rabona da su tun ana yi musu baftisma, yanzu ga furfura. Kowa da sabon burushi, ko takardar shago ba a ɓamɓare ba. Wani ƙato da ban sani ba ya rungume ni yana cewa, "Kawu, 'yata ce ta ce ba sunanmu ba ne wancan? Na kasa ba ta amsa, na ji kunya, shi ne na ce kowa ya shiga mota."

Suka hana ni taɓa komai. Aka kawo mini kujera, na zauna ina ba da umarni kamar gwamna. Kabarin Azema ya sha shafe a kan shafe. Farar ƙasa ta ƙare aka je aka ƙaro, suka bi kan na mijinta, da na ubana, da na uwarki, wanda ni na nuna musu na ce a yi shi a hankali.

Da aka gama suka zazzauna a ciyawa, hannuwa fari fat, na fara labari. Na ɗan damu, don kowa ya riga ya san ƙarshen, na ce ko ba zai yi armashi ba. Ina kawowa wurin fitila, kafin in buɗe baki, maƙabarta gaba ɗaya ta ɗauka da murya ɗaya, "Saura buhu biyu!" Na yi dariya har hawaye, daga baya ban san lokacin da ya koma kuka ba. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar nan ba tun da matata ta rasu, ke kika jawo mini shi.

Hayaniyar ta kai har cikin coci. Fada, limamin cocin, ya fito da sauri, fuska a murtuke, zai tsawata mana a kan dariya a cikin matattu. Bai gama buɗe baki ba wata jikar Zoe ta miƙa masa burushi ta nuna masa wani kabari da ya rage. Ya dube ta, ya dube ni, ya naɗe hannun riga.

Kawunki,
Ovide Dugas